Mayar da jagorar girka Linux daga amd64 zuwa arm64

Duk wanda aka ba aikin mayar da jagorar girka babbar manhaja daga wata ƙirar furosesa zuwa wata, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya buɗe fayil, ya bi duk inda aka rubuta amd64 ya maye gurbinsa da arm64, ya ce ya gama. Kada ka yi haka. Abin da zai fito zai yi kyau a ido, kuma mafi yawansa zai zama daidai, amma 'yan shafukan da za su yi ƙarya su ne na farko-farko, waɗanda mai karatu ke bi tun na'urarsa ba ta nuna masa komai ba. Mutumin da ke zaune gaban baƙin sikirin ba shi da yadda zai gane ko laifinsa ne ko na littafin. Galibi kansa zai zarga, ya kwashe yini yana maimaita umarnin da tun asali ba na na'urarsa ba ne.

Zan yi misali da jagorar Debian, saboda a buɗe take ƙarƙashin lasisin GPL, kowa na iya ɗauka ya gyara, kuma ta daɗe tana fama da wannan matsala. Debian ta karɓi amd64 a hukumance a fitowa ta 4.0 a 2007, ta karɓi arm64 a fitowa ta 8 a 2015, sannan riscv64 ta shigo a fitowa ta 13 a watan Agusta na 2025. Kowace shigowa sai da aka zauna aka daidaita jagora. Abin da zan faɗa ya shafi Fedora da Gentoo da sauransu, har da 'yar takardar da wani malami ya rubuta wa ɗalibansa a ɗakin kwamfuta.

Tantance wace na'ura kake nufi

Kafin ka taɓa jimla ko ɗaya, ka san sunayen da ƙirar ke amsawa, domin ba ɗaya ba ne. A kan kwamfutar Intel ko AMD, umarnin dpkg --print-architecture zai ce maka amd64, amma uname -m zai ce x86_64. A kan ARM mai bit 64, na farko zai ce arm64, na biyu ya ce aarch64. Fedora aarch64 take rubutawa a sunan fayilolinta, Debian kuwa arm64, sannan kayan harhaɗa manhaja suna ɗauke da aarch64-linux-gnu. Rubuta waɗannan a takarda ka ajiye kusa, tare da inda ake amfani da kowanne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da sauya kalma ɗaya ba zai wadatar ba.

Akwai tarkon da ya fi wannan. Suna ɗaya na iya ɗaukar ma'ana biyu. Abin da Debian ke kira armhf yana buƙatar furosesa ta ARMv7 ko sama, amma Raspbian, wadda aka gina don Raspberry Pi na farko, ita ma armhf take kiran nata, alhali don ARMv6 aka harhaɗa shi. Wanda ya ɗauko ƙunshin Debian ya ɗora a kan Pi na farko ko Pi Zero na asali, manhajar faɗuwa za ta yi. Don haka babin da ke lissafa na'urorin da ake tallafa wa ba gyara shi za ka yi ba, sabo za ka rubuta. A duniyar amd64 kana iya cewa kusan kowace kwamfuta ta 'yan shekarun nan za ta yi. A duniyar ARM dole ka kira suna: wane bod, wace furosesa, daga wane kamfani. Abin da ba ka gwada ba, ka ware shi daban ka ce wasu ne suka ba da rahoton yana aiki.

Daga nan sai ka karanta tsohuwar jagorar tun daga bango har bango, da biro a hannu, kana yi wa kowane sakin layi tambaya ɗaya: a kan wace na'ura wannan maganar take gaskiya? Za ka tarar ta rabu gida uku. Akwai abin da bai damu da furosesa ba sam, kamar zaɓen harshe, buɗe asusun mai amfani, kalmar sirri, yankin lokaci, da zaɓen manhajojin da za a sauke. Wannan ka bar shi yadda yake, kada ma hannu ya yi maka ƙaiƙayin gyara salonsa. Akwai wanda suna kawai zai canza, kamar linux-image-amd64 da zai koma linux-image-arm64, ko adireshin saukar da hoton girki. Sai kashi na uku, wanda shi ne aikin: yadda na'ura ke tashi, yadda ake yanka faifai, inda mai girki zai ga rubutu, da abin yi idan abu ya ƙi.

Yadda na'ura ke tashi

A kwamfutar tebur ko laftof, labarin gajere ne. Ka kunna, manhajar da masana'anta ta dasa a jikin na'ura, BIOS ko UEFI, ta farka, ka danna wani maɓalli kamar F12 ko Esc, ka zaɓi filasha, shi ke nan. Jagorar amd64 ta ginu ne a kan wannan tabbaci, har marubutanta ba sa jin suna dogaro da shi. Jimloli irin su "shiga saitin BIOS" ko "sa filasha ka sake kunnawa" suna warwatse ko'ina, har a babin warware matsala da ke can ƙarshe. Farauto su duka.

A ARM hanyoyin tashi aƙalla uku ne, kuma tilas jagorarka ta taimaki mai karatu ya gane wacce ce tasa kafin ya ci gaba. Manyan sabobi, irin masu furosesar Ampere, suna zuwa da UEFI da ACPI, kuma girki a kansu ya yi kama da na amd64 ƙwarai. Ƙananan kwamfutoci masu falle ɗaya, wato boduna, waɗanda ke ɗauke da furosesar Allwinner ko Rockchip, yawanci U-Boot suke amfani da shi, kuma sau da yawa babu shi a jikin bod ɗin, kai ne za ka rubuta shi a katin memori. Raspberry Pi kuma hanyarsa daban: manhajar tashinsa tana neman yanki mai tsarin FAT, ta karanta config.txt da cmdline.txt daga can. A ganina wannan rarrabewa ta cancanci shafi guda cur a farkon babin, da alamomin da mutum zai duba a na'urarsa. Idan ka cusa hanyoyin uku cikin jerin matakai ɗaya mai cike da "idan" da "amma", babu wanda zai fita lafiya.

Ko a inda UEFI yake, sunaye sun canza. Fayil ɗin da na'ura ke nema idan ba a gaya mata komai ba shi ne BOOTX64.EFI a amd64, BOOTAA64.EFI a arm64, BOOTRISCV64.EFI a riscv64, duka cikin foldar EFI/BOOT. Ƙunshin grub-efi-amd64 ya koma grub-efi-arm64, kuma --target=x86_64-efi ya koma --target=arm64-efi. Shi kuwa grub-pc, da duk bayanin rubuta GRUB a sekta ta farko ta faifai, babu takwaransa a ARM, share shi gaba ɗaya. Sai wani abu da tsohuwar jagora ba ta da dalilin ambata: U-Boot na iya kwaikwayon UEFI har ya tayar da GRUB, amma a boduna da yawa ba ya iya adana jerin abubuwan tashi bayan Linux ya hau. Girki zai ƙare lami lafiya, a sake kunnawa, na'ura ta rasa inda za ta dosa. Maganinsa shi ne a girka GRUB a wancan wuri na BOOTAA64.EFI, ta hanyar --removable ko zaɓin da mai girkin Debian, wato manhajar girkinta, ya tanada don haka. Wannan gargaɗi ya zo kafin matakin, ba bayansa ba.

Faifai, da 'yan sektocin farko

Nan ne na fi so ka tsaya, domin nan ne gurguwar jagora ke yin ɓarna ta gaske. A amd64 an saba cewa farkon faifai na teburin rabo ne, yanki na farko ya fara a sekta ta 2048, wato megabayit ɗaya daga farko, kuma babu wanda ke tunanin abin da ke tsakani. A boduna da yawa na ARM, can ne ran na'urar yake.

Ɗauki bod mai furosesar Allwinner. Idan ya farka, yana zuwa daidai kilobayit 8 daga farkon katin memori ya nemi manhajar tashi. Shi ya sa ake rubuta ta da umarni irin wannan:

dd if=u-boot-sunxi-with-spl.bin of=/dev/mmcblk0 bs=1024 seek=8

Yanzu yi lissafi. Sekta bayit 512 ce, saboda haka kilobayit 8 ita ce sekta ta 16. Teburin GPT kuwa yana cin sekta ta 1 don kansa, sannan ta 2 zuwa ta 33 don jerin yankuna 128. Ka ga sekta ta 16 ta faɗo tsakiyar teburin. Jagorar amd64 ta zamani za ta ce maka yi amfani da GPT, kuma gaskiyarta a can. Ka kwafo wannan shawara zuwa nan ba tare da bayani ba, mai karatu zai rubuta U-Boot ya lalata teburin, ko ya rubuta teburin ya lalata U-Boot. Ko dai ka ce a yi amfani da tsohon tsarin MBR, wanda sekta ɗaya tak yake ci, ko ka bayyana yadda za a kauce wa karon. Sababbin furosesocin Allwinner suna kuma dubawa a kilobayit 128, wanda ya wuce teburin, amma sai ka faɗi waɗanda ka tabbatar a kansu.

Rockchip nasa ya bambanta. Kashin farko, idbloader.img, yana zama a sekta ta 64, na biyu kuma, u-boot.itb, a sekta ta 16384, wato megabayit 8 daga farko. GPT bai taɓa su ba, amma yankin da ya fara a sekta ta 2048 zai hau kan na biyun, kuma da zarar an tsara yankin an fara zuba fayiloli, an gama da shi. Shi ya sa ake fara yanki na farko a sekta ta 32768. Duk inda tsohuwar jagora ta ce a bar mai girki ya yanka faifai da kansa, ka tsaya ka bincika ko yankan nasa ya san da wannan fili.

Sunayen faifai ma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda aka saba ganin /dev/sda da /dev/sda1, katin memori da eMMC suna zuwa a matsayin /dev/mmcblk0 da /dev/mmcblk0p1, da harafin p a tsakani. Bod mai kati da eMMC a tare yana iya ba su lamba yadda ba ka zata ba. Umarnin dd ba ya tambaya, ba ya neman tabbaci, abin da aka nuna masa yake shafewa. Saboda haka kowane dd a jagorarka ya zo bayan lsblk, tare da bayanin yadda mutum zai gane faifansa ta girmansa. Idan jagorar ta kawo lambobin nau'in yanki na gdisk, lura cewa 8304 na tushen x86-64 ne, na ARM mai bit 64 shi ne 8305, EF00 na yankin EFI kuwa bai canza ba.

Debian ta sauƙaƙa wa wasu boduna ta hanyar raba hoton kati gida biyu: ƙaramin fayil na manhajar tashi, wanda kowane bod ke da nasa, da babban fayil na mai girki, wanda duka suka yi tarayya a kai. Ana haɗa su da zcat, na bod a gaba, kafin a rubuta a kati. Jagorar amd64 ba ta san da wannan mataki ba, kai za ka ƙirƙiro masa sashe.

Ina rubutun zai fito?

Tsohuwar jagora ta ɗauka akwai sikirin da kibod. Boduna da yawa ba sa nuna komai ta HDMI sai Linux ya hau sosai, wasu sabobin ma ba su da wurin sa sikirin. Idonka a wannan lokaci shi ne wayar siriyal: ƙaramar na'ura mai shiga USB a gefe ɗaya, da siraran wayoyi uku a ɗaya gefen, na aikawa, na karɓa, da na ƙasa. Bayyana cewa ana gicciya su, na aikawar bod ya shiga na karɓar na'urar. Bayyana cewa yawancin boduna bolt 3.3 suke ɗauka a waɗannan ƙusoshi, kuma tsohuwar tashar siriyal ta bayan kwamfutar tebur tana iya ƙona su. Saurin da aka fi amfani da shi 115200 ne, amma boduna da yawa na Rockchip 1500000 suke gudu, kuma ba kowace na'urar siriyal ke iya kai wa nan ba. Wanda bai san haka ba zai ga tarkacen haruffa marasa ma'ana ya ɗauka bod ɗin ya mutu. Sunan tashar a Linux shi ma ya bambanta: console=ttyS0 da aka saba a amd64 yana komawa ttyAMA0 a na'urori masu PL011, wasu kuma ttyS2 ko ttymxc0. Hotunan sikirin na mai girki mai launi da linzami ba su da amfani ga wanda ke kallo ta siriyal, sauya su da abin da zai gani da idonsa.

Sannan akwai bishiyar na'urori, fayil mai ƙarewa da .dtb. Kwamfutar amd64 tana gaya wa ƙwayar Linux, wato kernel, abin da ke jikinta ta ACPI da PCI. Ƙananan boduna ba sa yi, sai an miƙa wa ƙwayar wannan fayil da ke cewa ga inda tashar intanet take, ga mai kula da katin memori. Idan aka ba ta na wani bod, tana iya tashi amma USB ya ƙi aiki, ko ta yi shiru ɗungurungum. A Debian ƙunshin flash-kernel ne ke ajiye ƙwaya da wannan fayil inda U-Boot zai same su, ga bodunan da ke cikin jerinsa. Jagora ta faɗi abin da za a yi idan bod ba ya ciki.

Sauran ƙananan abubuwa ka bi su da sauri. Share intel-microcode da amd64-microcode. Share dogon bayanin zama tare da Windows a faifai ɗaya, sai dai idan laftof ɗin ARM kake rubuta wa. Ƙara gargaɗi kan agogo: Raspberry Pi 4 da ire-irensa ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe su, sai su tashi da tsohon kwanan wata, apt ya ƙi karɓar sa hannun ma'ajiya. Ƙara magana kan wuta, domin caja mai rauni na sa bod ya sake tashi a tsakiyar girki, kuma ɗaukewar lantarki ana cikin rubutu a katin memori na iya lalata shi. Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi wannan ba ƙaramar magana ba ce, ka ba shi shawarar jona bod ɗin a batir ko sola kafin ya fara.

Tushe ɗaya, jagorori da yawa

Kwafe jagorar zuwa sabuwar folda ka yi ta gyara shi ne hanya mafi sauri, kuma ita ce za ta ba ka wahala nan gaba. Duk gyaran da aka yi a ɗaya sai an tuna an yi a ɗayar, kuma ba a tunawa. Debian tana rubuta tata da DocBook XML daga tushe ɗaya. Sakin layin da ya shafi ƙira ɗaya ana sa masa alama, misali arch="arm64", wanda kuma ya shafi kowa ban da wata ana sa masa irin arch="not-s390". Sunan ƙirar ba a rubuta shi kai tsaye, ana sa &arch-title; ko &architecture;, sai a cike gurbin lokacin gini. Kowace ƙira tana da ɗan fayil a foldar build/arch-options da ke faɗin alamomin da suka hau kanta, sannan buildone.sh ya fitar da jagorar ƙira ɗaya a harshe ɗaya. Gentoo ma haka take yi a littafinta, sassa na tarayya daban, na kowace ƙira daban.

Dabarar da ta fi burge ni a tsarin Debian ita ce alamar iyawa, kamar condition="bootable-usb" ko condition="supports-tftp". Maimakon ka ce wannan sakin layi na amd64 da arm64 ne, sai ka ce na duk na'urar da ke iya tashi daga filasha ne. Ranar da sabuwar ƙira ta zo, ba sai an bi ɗaruruwan sakin layi ana ƙara sunanta ba, a fayil ɗinta kawai za a rubuta abin da take iyawa. Ko da Markdown kake rubutu, kana iya kwaikwayon wannan da ƙananan fayiloli da ake haɗawa. Masu fassara ma za su gode maka, domin jimlar da ba ka taɓa ba fassararta na nan daram, wadda ka sauya wa ko waƙafi ɗaya kuwa sai an sake bi ta kanta a kowane harshe.

Idan wata ƙirar ce ba ARM ba, tambayoyin ba su canza ba, amsoshin ne daban. A riscv64 akwai OpenSBI da ke tashi kafin U-Boot. A ppc64el akwai ɗan yankin PReP da GRUB ke zama ciki, wasu injinan kuma Petitboot suke amfani da shi. A s390x, manyan injinan IBM, babu filasha babu sikirin, faifan DASD ne, manhajar tashi zipl, kuma ta SSH ake ƙarasa girki.

Gwaji

Fara da QEMU, domin ba ya cin kuɗi kuma ba ka tsoron ɓata komai. Umarnin qemu-system-aarch64 tare da -M virt da -cpu cortex-a57, da fayil ɗin QEMU_EFI.fd daga ƙunshin qemu-efi-aarch64, zai ba ka injin ARM mai UEFI a cikin laftof ɗinka. Zai yi nauyi, amma zai kama maka kurakuran suna, adireshin da ya mutu, da matakan da suka juye. Abin da ba zai kama ba shi ne duk abin da muka daɗe a kansa a sama. Faifansa /dev/vda ne, ba shi da sekta ta 16 mai haɗari, agogonsa daidai yake, wutarsa ba ta rawa. Jagorar da aka gwada a QEMU kaɗai, ta QEMU ce.

Saboda haka sai ka nemo bod na gaske, ka goge katin tas, har da megabayit ɗin farko, don kada tsohon U-Boot da ya saura a ciki ya rufa wa jagorarka asiri. Kwafi kowane umarni daga shafin da aka gina, ba daga ƙwaƙwalwarka ba. Bayan girki ka kashe, ka cire wuta, ka mayar, ka ga ko zai tashi. Sabunta ƙwayar Linux ka sake kunnawa, domin a nan ne matsalar flash-kernel da .dtb ke bayyana. Daga nan miƙa jagorar da bod ɗin ga wanda bai taɓa girki a ARM ba, ka zauna gefe ka kama bakinka. Duk inda ya ɗago kai zai yi tambaya, sa alama a wurin, akwai jimlar da ta ɓace.

A saman babin na'urori ka rubuta sunan kowane bod da aka gwada, fitowar Debian da aka yi amfani da ita, lambar U-Boot, da kwanan wata. Waɗannan abubuwa suna motsi: fitowa ta 13 da ta kawo riscv64 ita ce kuma ta daina fitar da mai girki don i386. Duk lokacin da sabuwar fitowa ta kusa, babin na'urori da na tashi su za ka fara sake gwadawa, kafin ka waiwayi sauran.